Tafkin Scott na Jihar Kansas: Tambayoyi da Amsoshi Kan Dausayin da Ke Tsakiyar Fili

Wanda ya bi babbar hanya mai lamba 83 a yammacin jihar Kansas ta Amurka zai daɗe yana tafiya bai ga komai ba sai gonakin alkama da masara da dawa, shimfiɗe har iyakar ganin ido. Babu tudu, babu inuwa, sai iska. A tsakiyar wannan shimfiɗa ne ƙasa ta dare, ta buɗe wani kwari mai duwatsu da itatuwa da idanun ruwa, da ɗan tafki kwance a gindinsa. Gandun shaƙatawa na Tafkin Scott ke nan. Ga amsoshin tambayoyin da mai son sanin wurin zai fi yi.

A ina wurin yake, kuma yaya girmansa?

Yana cikin gundumar Scott, kimanin kilomita 23 arewa da garin Scott City, gari ne na mutum wajen 4,000 da ke rayuwa a kan noma da kiwon shanun turka. Daga babbar hanya ana ratsewa a bi wata ƙarama mai lamba 95, ita ce ke gangarawa cikin kwarin. Gandun ya kai hekta 400 ko ya ɗan ɗara, tafkin kuma hekta 40 ne kacal. Filin jiragen fasinja mafi kusa yana Garden City, tafiyar kimanin awa ɗaya a mota ta kudu. Daga Denver ko Wichita kuwa sai an yi wajen awa huɗu. Babu motar haya da ke shiga wurin, dole mutum ya zo da tasa ko ya yi hayar wata.

Me ya bambanta gandun jiha da gandun ƙasa?

Mai riƙo ne ya bambanta. Manyan gandaye irin su Yellowstone suna hannun gwamnatin tarayya, wannan kuwa hukumar kula da namun daji da wuraren shaƙatawa ta jihar Kansas ce ke tafiyar da shi, kamar dai yadda Yankari ke hannun gwamnatin Bauchi tun 2006. Gandayen jiha galibi ƙanana ne, kuɗin shiga ba yawa, kuma mutanen yankin su ne suka fi cika su a ƙarshen mako. Ana biyan kuɗin mota a bakin shiga, na yini ko na shekara, kuɗin kwana kuma daban ne.

Ƙasar busasshiya ce, to daga ina ruwan yake fitowa?

Wannan ce tambayar da duk sauran suka rataya a kanta. Ruwan saman da yankin ke samu a shekara wajen milimita 500 ne kacal, iska kuma ba ta barin raɓa ta kwana. Rafuka da yawa a yammacin Kansas suna nan ne a taswira kawai, in ka je sai ka tarar da yashi.

Amma a ƙarƙashin ƙasar akwai wata babbar taska ta ruwa da ake kira Ogallala, wadda ta ratsa jihohi 8, daga Dakota ta Kudu har Texas. Miliyoyin shekaru da suka wuce koguna suka yi ta kwaso yashi da tsakuwa daga duwatsun Rocky suna jibgewa a nan, ruwa ya jiƙe cikinsu ya zauna. A ƙarƙashin wannan yashin kuma akwai shimfiɗar alli da laka mai tauri, wadda ruwa ba ya ratsa ta da sauƙi. Rafin Ladder, da ke malala zuwa kogin Smoky Hill, shi ne ya yi ta zaizaye ƙasa har ya yanko ta zuwa daidai inda yashin ya haɗu da allin. Ruwan da ya sauko ya tarar da ƙofa a rufe ta ƙasa, sai ya fito ta gefe, ta jikin kwarin. Idanun ruwan ke nan. Mafi girmansu shi ne Big Spring, wanda ke ɓuɓɓugowa da sanyinsa rani da damina, ba ya ɗumi da bazara, ba ya daskarewa da hunturu.

In ka tsaya a bakinsa za ka ga ruwa garai-garai yana gudu a kan tsakuwa, koren ganye ya lulluɓe gefensa, inuwa ta rufe ka. Ka ɗaga kai ka hau gangaren 'yan taku kaɗan, sai ga busasshiyar ciyawa da ƙaya da rana tsaka. Duk wanda ya taɓa zama a wannan kwari, daga mafarautan farko har manoman Turawa, wannan ruwan ne ya zaunar da shi.

Tafkin halittar Allah ne ko yin mutum?

Yin mutum ne. Idanun ruwan da rafin sun daɗe, amma tafkin bai cika shekara ɗari ba. Wani manomi mai suna Herbert Steele ya zo yankin a 1888, a zamanin da dokar rabon filaye ta 1862 ke ba mutum eka 160 in ya zauna ya noma ta shekara 5. Da farko a ɗakin rami ya zauna, irin wanda ake haƙawa a jikin gangare saboda babu katakon gini. Daga baya shi da matarsa Eliza suka gina gidan dutse da duwatsun da suka tsinto a kwarin, suka ja ruwan ido suna noman lambu da itatuwan marmari. Gidan yana nan har yau, an mai da shi ɗan gidan tarihi da kayan amfaninsu a ciki.

Burinsu shi ne wurin ya zama na jama'a. A 1928 filinsu mai eka 640 ya koma hannun hukumar jiha, aka datse rafin, zuwa 1930 tafki ya samu. A 1933 ambaliya ta fasa madatsar. Samarin rundunar ayyukan raya ƙasa da gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta kafa a wannan shekarar, don sama wa marasa aiki abin yi a lokacin karayar tattalin arziki, su ne suka zo suka gyara ta. Shekarun nan ne kuma fari da guguwar ƙura suka addabi yankin, har rana kan yi duhu da tsaka. Tafki a irin wannan lokaci ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da gonakinsu ke tashi sama.

Mene ne El Cuartelejo da ake ta magana a kai?

Kufai ne na wani gida mai ɗaki 7, tsawonsa kimanin mita 15, faɗinsa 10, a cikin gandun, ba nisa da tafkin. Wanda ya zo da tsammanin ganin doguwar ganuwa zai yi mamaki, domin abin da ya rage harsashin gini ne na dutse, bai kai gwiwa ba. Darajarsa tana cikin labarinsa. Shi ne kaɗai ginin irin na mutanen Pueblo, 'yan asalin Amurka masu zama a ƙauyukan gini na dutse da laka, da aka sani a Kansas, kuma shi ne mafi nisa ta arewa maso gabas a duk ƙasar. Asalin masu irin wannan gini yana can New Mexico, ɗaruruwan kilomitoci kudu maso yamma.

Me ya kawo su? Gudun zalunci. Sifaniyawa sun mamaye ƙasar Pueblo tun ƙarshen ƙarni na 16, suka ɗora musu haraji na masara da mayafai, da aikin tilas, suka hana su addininsu na gado. A wajajen 1664 wasu mutanen Taos, ɗaya daga garuruwan Pueblo, suka tsere zuwa filayen gabas, suka fake wurin ƙabilar Apache, waɗanda dama abokan cinikinsu ne. Wani sojan Sifaniya mai suna Juan de Archuleta ya bi sawu ya komo da su. A 1680 mutanen Pueblo suka yi babban bore suka kori Sifaniyawa na tsawon shekara 12. Da Sifaniyawa suka dawo, aka sake wani boren a 1696, bai yi nasara ba, sai mutanen Picuris, wani garin Pueblo, su ma suka kama hanyar gabas. A 1706 wani hafsan Sifaniya, Juan de Ulibarrí, ya iso El Cuartelejo, ya ce ƙasar ta zama ta sarkin Sifaniya, ya koma da mutanen Picuris kimanin 60.

Baƙin nan ba zaman jira suka yi ba. Sun zo da sana'arsu. Suka yi gini irin na gida, na dutse da laka, da murhu mai daɓen dutse. Suka haƙa magudanai daga idanun ruwa zuwa gonakin masara. Masu binciken da suka duba fasassun tukwanen da aka tono sun ga cewa wasunsu da yumɓun wurin aka gina su, amma hannun da ya gina su ya koyi aikin ne a New Mexico. Wato akwai matan Pueblo da suka zauna a nan, suka yi girki, suka yi goyo a tsakanin Apache. Wannan ɗan bayanin tukunya ya fi taɓa zuciya fiye da jerin sunayen sojoji, domin yana nuna mutum a baƙuwar ƙasa yana ƙoƙarin riƙe abin da uwarsa ta koya masa.

A 1720 rundunar Sifaniya ta Pedro de Villasur ta yada zango a El Cuartelejo a kan hanyarta ta zuwa arewa don leƙo asirin Faransawa, amma ƙabilun Pawnee da Otoe suka murƙushe ta a ƙasar da yau ake kira Nebraska. Ba a daɗe ba mutanen ƙabilar Comanche, da dawakansu da bindigoginsu, suka matsa wa Apache lamba har suka bar yankin suka yi kudu. Gidan ya rushe, ƙasa ta binne shi.

Yaya aka gano shi, kuma an tabbata shi ne wanda Sifaniyawa suka rubuta?

Herbert Steele ne ya lura da wani ɗan tudu a gonarsa, da gutsattsarin kayan mutanen da. A 1898 Samuel Williston da Handel Martin na Jami'ar Kansas suka tona, suka tarar da ɗakunan, da duwatsun niƙa, da ƙonanniyar masara. A 1925 wata ƙungiyar mata masu kula da tarihin Amurka ta kafa ginshiƙin dutse a wurin. A 1964 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa, a farkon shekarun 1970 kuma aka sake tonawa aka jera harsashin ginin yadda baƙo ke ganinsa a yau.

Game da suna kuwa, masana sun rabu. Wasu suna ganin El Cuartelejo na takardun Sifaniyawa yanki ne mai ƙauyuka da dama, ba gida ɗaya ba, wasu ma suna kai cibiyarsa gabashin Colorado. Abin da akasarin masana suka yarda da shi shi ne mutanen Pueblo sun gina wannan gida a wannan kwari, a tsakanin ƙarni na 17 da farkon na 18.

An ce an yi yaƙi a kusa da nan. Wane yaƙi ne?

Ranar 27 ga Satumba, 1878, a wani kwazazzabo da bai fi kilomita 2 kudu da gandun ba. Ana kiransa yaƙin Punished Woman's Fork, kuma shi ne karo na ƙarshe da sojojin Amurka suka gwabza da 'yan asalin ƙasar a cikin Kansas.

Tushen maganar shi ne, bayan yaƙin Little Bighorn na 1876 tsakanin sojojin Amurka da 'yan asalin ƙasar, gwamnati ta kwashi 'yan ƙabilar Cheyenne na Arewa kusan 1,000 daga ƙasarsu ta wajen Montana ta kai su kudu, inda yau ake kira Oklahoma, a 1877. Wurin bai karɓe su ba. Zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da yunwa suka yi ta ɗauke musu yara da tsofaffi, abincin da aka yi musu alkawari bai isa ba, naman farauta kuma babu. Shugabanninsu biyu, Dull Knife da Little Wolf, suka roƙi a bar su su koma gida, aka ƙi. A daren 9 ga Satumba, 1878, mutum kimanin 350 suka sulale suka bar tantunansu a tsaye, suka nufi arewa. Mayaƙa a cikinsu ba su kai 100 ba, sauran mata ne da yara da dattawa. Tafiyar da ke gabansu ta haura kilomita 1,500, ta cikin ƙasar da ke da layukan dogo da sansanonin soja da wayar tangaraho.

Da suka iso wannan kwari suka tsaya, domin akwai ruwa, akwai duwatsun fakewa. Suka haƙa ramukan harbi a kan gangare suka kewaye su da duwatsu, suka ɓoye mata da yara a wani kogo a ƙarshen kwazazzabon, suka jira. Laftanar Kanar William H. Lewis ya iso da sojoji fiye da 200 daga sansanin soja na Fort Dodge. An so a ja su har cikin tarko, amma harbi ya tashi tun ba su gama shiga ba. Aka yi ta musayar wuta har yamma. Harsashi ya sami Lewis a cinya ya tsinka babbar jijiya, ya rasu a kan hanyar kai shi Fort Wallace. Sojoji sun kashe dawakan Cheyenne da yawa, sun lalata guzurinsu. Da dare ya yi, mutanen suka fice ta bayan kwazazzabon, da yawansu a ƙasa.

Labarin bai ƙare da daɗi ga kowa ba, kuma bai kamata a faɗi rabinsa a bar rabi ba. Kwana 3 bayan haka, wasu mayaƙan Cheyenne suka far wa manoma a arewa maso yammacin Kansas, a wajajen Oberlin, suka kashe mutum kimanin 40 waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A Nebraska ayarin ya rabu biyu. An kama mutanen Dull Knife aka tsare su a Fort Robinson, aka hana su abinci da ruwa da wuta a tsakiyar hunturu don su yarda su koma kudu. A Janairun 1879 suka fasa suka fito, sojoji suka kashe kimanin 60. Mutanen Little Wolf sun isa Montana. A 1884 gwamnati ta keɓe wa Cheyenne na Arewa ƙasa a bakin kogin Tongue, jikokinsu suna can har yau.

Ana iya ziyartar wurin yaƙin. Akwai ginshiƙi a kan tudu, ramukan harbin suna nan a bayyane, ana iya gangarawa har bakin kogon. Ƙarami ne, rufinsa a ƙasa-ƙasa. Mai ziyara ya shiga da ladabi, kada ya ɗauki ko tsakuwa.

Ina ɓaunayen da aka san filayen Amurka da su?

An ƙarar da su kafin a yi tafkin. An ƙiyasta cewa sun kai miliyan 30 a da, amma a shekarun 1870 maharba masu neman fata suka yi musu kisan kiyashi, garin Dodge City da ke kudu maso gabas da nan ya zama tashar loda fatun a jirgin ƙasa. Kafin 1890 waɗanda suka rage a daji ba su kai 1,000 ba. Ƙarewarsu ita ce ta karya ƙashin bayan Cheyenne da maƙwabtansu, tun da daga jikin ɓauna suke samun nama da sutura da rufin tanti. Wanda ke son ganinsu a yau sai ya nufi makiyayar Smoky Valley da ke arewa da nan, inda ƙungiyar kare muhalli ta The Nature Conservancy ke kiwon garke.

To waɗanne dabbobi da tsuntsaye ake gani yanzu?

Gandun gida biyu ne a haɗe, na tudu da na kwari, kowanne da mazaunansa. A tudu gajeriyar ciyawa ce mai jure fari, saiwarta ta fi ganyenta tsawo, da kaktus mai ƙaya, da yuka mai ganye kamar takobi. A kwari kuwa manyan itatuwa ne, musamman kotonwud, wanda ke sakin farin gashi kamar auduga a farkon bazara.

Barewa iri biyu ce: mai farar wutsiya da ta fi son duhuwar bakin rafi, da mai manyan kunnuwa da ta fi son gangare. Talotalon daji yana yawo garke-garke har cikin wuraren kwana. Akwai biba, dabbar ruwa mai faffaɗar wutsiya da ke sare itace da haƙori ta datse rafi, ba kasafai ake ganinta ba sai dai a ga kututturen da ta feƙe. Akwai kyanwar daji mai guntuwar wutsiya, ita ma mai ɓuya ce. Da dare kuma koyot, ɗan'uwan dila, yakan cika kwarin da kuka.

Masu kallon tsuntsaye suna son wurin ƙwarai, saboda nan ne tsuntsayen gabashin ƙasar da na yammacinta ke cuɗanya, kuma masu ƙaura da bazara da kaka suna sauka su sha ruwa. Ungulaye masu jan kai suna shawagi a kan duwatsu da rani, agwagin ruwa da dinya suna zuwa da sanyi. Wanda ke son ya ga wani abu ya fito da sassafe ko gab da magariba, ya rage surutu.

Gaskiya ne akwai wani ƙwaro da babu shi ko'ina a duniya sai nan?

Gaskiya ne. Ɗan ƙaramin ƙwaron ruwa ne baƙi, tsawonsa wajen milimita 3, masana suka ba shi suna Optioservus phaeus a 1978. Duk duniya ba a same shi ba sai a Big Spring da ɗan guntun rafin da ke fita daga cikinsa. Yana maƙale a jikin duwatsun ƙarƙashin ruwa yana kankare gansakuka, yana numfashi ta wata siririyar rigar iska da ke manne da jikinsa, don haka sai ruwa mai sanyi, mai gudu, mai tsabta ke riƙe shi. Jihar Kansas ta sa shi cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. A 2019 hukumar tarayya ta duba lamarinsa ta ce bai kai a sa shi a nata jerin ba, saboda yawansa bai ragu ba kuma jihar na kula da wurin.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a kan ƙwaron da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Amsar ita ce dukan zuriyarsa tana cikin wurin da mutum zai taka daga farko zuwa ƙarshe cikin 'yan mintoci. Ranar da idon ruwan ya ƙafe, ko wani ya zuba guba a ciki, shi ke nan an rufe babinsa har abada. Shi ya sa ba a so baƙi su riƙa shiga ruwan suna juya duwatsu.

Akwai abin tsoro?

Akwai maciji mai kacau-kacau a wutsiya, mai dafi ne, yana son gindin duwatsu da rani. Ba ya neman faɗa, yakan yi gargaɗi. A sa takalmi rufaffe, kada a cusa hannu inda ido bai gani ba. Akwai kaska a cikin ciyawa, da wani tsiro mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje in ya taɓa fata. Amma abin da ya fi kama mutane shi ne rana da ƙishirwa, sai kuma hadarin Mayu da Yuni, mai zuwa da ƙanƙara da guguwa cikin ƙanƙanin lokaci.

Ana kamun kifi?

Ana yi, da ƙugiya, daga gaɓa ko daga kwalekwale. Akwai tarwaɗa, da bas mai babban baki, da ƙananan kifaye masu faɗi da yara ke jin daɗin kamawa, da hunturu kuma hukuma kan zuba kifin turawut mai son ruwan sanyi, wanda ke buƙatar izini na musamman. Baƙon da ya kai shekara 16 sai ya sayi lasisi, ana samu ta intanet, har da na yini ɗaya. Kowane irin kifi da adadin da aka yarda a ɗauka da tsawon da ya kamata ya kai. Ma'aikatan gandu suna dubawa, kuma tara ba ta da sauƙi.

Ban da kifi fa?

Akwai gaɓar yashi ta masu iyo, da wani tsohon gini na 1930 a bakinta inda ake sayar da ƙananan kayan buƙata da bazara, ana kuma ba da hayar kwalekwale. Tafkin ƙarami ne, ba wurin tseren jirgi mai inji ba ne, wannan ma yana cikin abin da ya sa yake da natsuwa. Hanyar ƙafa ta zagaye shi, ta hau gangare ta sauko, masu keke da mahaya dawaki ma suna binta, har an ware wa masu dawaki zangonsu. Wurin kwana akwai na tanti, akwai mai wutar lantarki da ruwa na masu motar kwana, akwai kuma 'yan ɗakunan haya da sai an kama tun da wuri. Kafin a shiga ruwa a duba allon sanarwa, domin wani lokaci da zafi wata koriyar gansakuka mai guba kan yaɗu a tafkunan Kansas, hukumar lafiya ta hana iyo.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba. Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 35, hunturu kuma sanyi kan sauka ƙasa da sifili sosai, ga iska. Wanda ba ya son cunkoso ya kauce wa hutun 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka.

Musulmi zai sami sauƙin salla da abinci?

Filin salla dai ba ya ƙaranci, ruwan alwala ma haka. Alƙibla daga Kansas tana arewa maso gabas ne. Abinci kuwa gara a yi guzuri. A Garden City akwai Musulmi, yawancinsu Somaliyawa da mutanen ƙasar Myanmar da aikin mayankar shanu ya kawo, kuma suna da wurin salla da shagunansu. A nan ya kamata a yi cefane kafin a kama hanyar arewa.

Wannan ruwan zai ɗore kuwa?

Nan ne hankali ke tashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manoman yammacin Kansas suka samu injinan da ke jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi, da dogayen bututun ban-ruwa masu tayoyi da ke juyawa a kan gona. Wanda ya leƙo daga jirgin sama zai ga korayen da'irori jere. Da wannan ruwan aka noma masarar da ke ciyar da dubban shanun turka, da shi garuruwan yankin suka tsaya da ƙafafunsu. Sai dai abin da ake zuƙowa a shekara ya ninka abin da ruwan sama ke mayarwa sau da yawa. Gundumar Scott da maƙwabtanta suna cikin wuraren da taskar Ogallala ta fi ja baya, rijiyoyi da dama sun daina ba da abin kirki, idanun ruwa da rafuka masu yawa a yammacin jihar sun riga sun mutu.

Manoman ba su jahilci haka ba, su ne ma suka fi kowa sani, tun da su ke auna rijiyoyinsu. Hukumar kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa ta yankin tana da ofishinta a Scott City, kuma a 'yan shekarun nan manoma sun amince da tsare-tsaren rage yawan ruwan da kowa ke ja. Wasu sun koma noman dawa, wadda asalinta daga Afirka ne kuma ta fi masara haƙurin ƙishirwa. Kansas ce ke kan gaba a noman dawa a duk Amurka, ko da yake yawancinta dabbobi ake ba wa ko a fitar da ita waje.

Idanun ruwan Tafkin Scott suna gudu har yanzu, alhamdu lillahi. Amma shingen gandu ba ya tare abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Makomar tafkin da itatuwansa da ɗan ƙwaron nan tana hannun masu gonakin da ke kewaye da shi fiye da yadda take hannun ma'aikatan gandun. A ganina duk mai ziyarar da ya sha inuwar kwarin ya kamata ya san wannan, kuma kada ya yi saurin ɗora laifi a kan manomin da ke da bashin banki da iyali a wuyansa. Rage ruwa a gare shi rage amfanin gona ne, kuma da yawansu sun yarda sun rage.

In an zo, me kuma ke kusa da ya cancanci a gani?

A Scott City akwai gidan tarihi na El Quartelejo, mai kayan tarihin yankin da ƙasusuwan halittun da. Ta arewa kuwa akwai wurare biyu da allin nan da ke tare ruwa a ƙarƙashin gandun ya fito sarari. Kimanin shekara miliyan 80 da suka wuce teku ne ya rufe tsakiyar nahiyar, allin kuma tarin ɓawon ƙananan halittun tekun ne, shi ya sa ake tono ƙasusuwan manyan kifaye da dabbobin ruwa masu kama da kada a tsakiyar makiyaya. Na farko shi ne gandun Little Jerusalem, wanda aka buɗe a 2019, mai tsagaggun duwatsun alli fari da rawaya. Na biyu shi ne Monument Rocks, ginshiƙan alli masu tsayin da ya kai mita 20, tsaye su kaɗai a fili. Wannan na biyun yana cikin gonar wani ne da ya bar jama'a su shiga da rana kyauta, don haka ba a hawa duwatsun, ba a tonon komai, ba a kwana. Hanyar zuwa can ta ƙasa ce, in an yi ruwa takan zama taɓo mai riƙe mota, gara a jira ta bushe.